Tarihin Matsalolin Lissafi da Sirrin Zamani Ya Dogara a Kansu

Ɓoye saƙo da mabuɗin fili tsari ne da ke bai wa mutum biyu damar yin sirri a tsakaninsu ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Kowannensu yana da mabuɗi biyu: na fili, wanda kowa zai iya gani ya kulle masa saƙo da shi, da na sirri, wanda shi kaɗai ke buɗe abin da aka kulle. Da wannan tsari ne ake tsare shafukan banki a intanet, da katin cirar kuɗi, da hirar WhatsApp, da sa hannu na lantarki a kan takardu. Dukkan waɗannan suna zaune ne a kan wasu matsalolin lissafi masu sauƙin ƙullawa, masu wuyar kwancewa. Har yau babu ɗaya daga cikinsu da aka kafa hujjar cewa lallai tana da wuya. Abin da ake da shi shi ne zato mai ƙarfi, wanda ya samu daraja saboda gwanayen lissafi sun shafe shekaru suna kai masa hari bai faɗi ba. Wannan shi ake kira zaton wuya, kuma tarihin fannin kusan gaba ɗaya tarihi ne na yadda aka kafa irin waɗannan zatuka, aka gwada su, wasu suka tsaya, wasu suka rushe.

Kafin mabuɗin fili

Tun zamanin da, mai aika saƙon sirri da mai karɓa mabuɗi ɗaya suke riƙewa. Wanda ya san yadda aka kulle ya san yadda za a buɗe. A ƙarni na 9, a Bagadaza, Al-Kindi ya rubuta risala a kan fasa rubutun sirri, inda ya nuna cewa ƙidaya yawan fitowar kowane harafi kan tona asirin rubutun da aka musanya haruffansa. A 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau: a ɗauka abokin gaba ya san dukkan tsarin, mabuɗi kaɗai ne bai sani ba. A 1949 Claude Shannon ya buga hujjar cewa sirri cikakke, wanda babu yawan lissafin da zai fasa shi, yana bukatar mabuɗi mai tsawon saƙon kansa, wanda ba za a sake amfani da shi ba.

Hujjar Shannon ta bar wata matsala a fili. Dole ne mabuɗi ya riga saƙo isa, ta hannun amintaccen ɗan aike. Sojoji da ofisoshin jakadanci suna iya ɗaukar wannan nauyi, amma idan mutum 1,000 suna son kowane biyu daga cikinsu su yi sirri, ana bukatar mabuɗi 499,500. Da kwamfutoci suka fara haɗuwa da juna a shekarun 1960 da 1970, sai ya bayyana cewa wannan hanya ba mai ɓullewa ba ce. Mafita ita ce a haƙura da sirrin da ba ya fasuwa kwata-kwata, a nemi wanda fasa shi zai ci lokacin da babu mai shi.

Gadon malaman lissafi

Kayan aikin da aka yi amfani da su sun girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru. Na farko shi ne lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13, waɗanda ɗaliban lissafi ke kira firam. Kowace cikakkiyar lamba da ta wuce ɗaya ko dai firam ce, ko kuma an same ta ta ninka firam da firam, kuma hanya ɗaya tak ake warware ta. Euclid ya nuna cewa lambobin firam ba su da iyaka, ya kuma bar dabarar gano babbar lambar da ke raba lambobi biyu cikin sauri.

Na biyu shi ne lissafin saura, inda ake raba lamba a jefar da sakamako a riƙe abin da ya rage. Da shi ake ƙidaya kwanakin mako: idan yau Asabar ce, kwana 10 nan gaba Talata ce, domin 10 a raba da 7 saura 3. A 1640 Pierre de Fermat ya faɗi wata ƙa'ida game da yadda ninkin lamba da kanta ke zagayowa a lissafin saura idan mai rabawar firam ce, daga baya Leonhard Euler ya kafa mata hujja ya kuma faɗaɗa ta zuwa kowace lamba. A 1801 Carl Friedrich Gauss ya tsara fannin gaba ɗaya a littafinsa Disquisitiones Arithmeticae, ya kuma sanya tantance firam da warware lamba zuwa asalinta cikin manyan matsalolin lissafi.

Mutanen ƙarni na 19 sun lura da rashin daidaiton da ke tsakanin ninkawa da warwarewa. A 1874 William Stanley Jevons ya kawo lambar 8,616,460,799 a matsayin misali, yana ganin da wuya wani bayan shi ya gano lambobi biyun da suka haifar da ita. Su ne 89,681 da 96,079. Ninka su aikin 'yan mintoci ne da alƙalami, amma komawa baya sai an yi ta lalube. A 1903, a taron masana lissafi a New York, Frank Nelson Cole ya nuna a kan allo cewa lambar da ake samu idan aka ninka 2 da kanta sau 67 aka cire ɗaya ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. A lokacin babu wanda ya ɗauki wannan wahala a matsayin abin amfani.

Daga Cheltenham zuwa Stanford

An gano mabuɗin fili sau biyu. A 1970, James Ellis na hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, GCHQ, da ke Cheltenham, ya rubuta rahoton sirri da ke nuna cewa abin mai yiwuwa ne a ƙa'ida, amma bai samu lissafin da zai ɗauke shi ba. A 1973 Clifford Cocks, matashin masanin lambobi da bai daɗe da fara aiki a wurin ba, ya gano cewa warware lamba zai yi. A 1974 Malcolm Williamson ya gano hanyar musayar mabuɗi. Gwamnati ta rufe waɗannan ayyuka har zuwa Disamba 1997, makonni kaɗan bayan rasuwar Ellis.

A Amurka, Ralph Merkle, ɗalibi a Berkeley, ya fito da wata dabara a 1974, sannan a Nuwamba 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na jami'ar Stanford suka buga maƙalar da ta buɗe fannin ga duniya. Dabararsu tana fitowa sarai da ƙananan lambobi. Amina da Bala sun yarda a bainar jama'a da firam 17 da tushe 3. Amina ta zaɓi 6 a ɓoye, ta ninka 3 da kanta sau 6, ta samu 729, ta raba da 17, saura 15, ta aika 15. Bala ya zaɓi 7, ya samu 2,187, saura 11, ya aika 11. Amina ta ninka 11 da kanta sau 6, saura 8. Bala ya ninka 15 da kanta sau 7, shi ma saura 8. Yanzu 8 ce mabuɗinsu, alhali ba ta taɓa bi ta kan waya ba.

Mai saurare ya ga 17, 3, 15 da 11. Aikin da ke gabansa shi ne ya gano sau nawa aka ninka 3 kafin saura ya zama 15. Wannan ita ce matsalar logaritim a lissafin saura. Da 17, gwaji kaɗan ya isa. Da firam mai alƙaluma 600, ninkawar gaba tana ƙarewa cikin ƙiftawar ido saboda akwai gajeriyar hanya, amma komawa baya ya fi ƙarfin dukkan kwamfutocin da ake da su.

RSA da ƙofar sirri

Diffie da Hellman sun bayyana bukatar wani aikin lissafi mai ƙofar sirri, wato mai wuyar juyawa ga kowa sai wanda ya riƙe wani ɓoyayyen bayani. A 1977, Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na MIT suka samo shi, aka kira tsarin RSA da farkon haruffan sunayensu. Mai mabuɗi yana zaɓen firam biyu, misali 7 da 11, ya ninka su ya samu 77. Yana rage ɗaya daga kowace ya ninka, 6 sau 10, ya samu 60. Sai ya nemi lambobi biyu da ninkinsu zai bar saura 1 idan aka raba da 60: 7 da 43 sun yi, domin 301 a raba da 60 saura 1. Yana shelar 77 da 7, ya ɓoye 43. Mai son aika masa 9 zai ninka 9 da kanta sau 7, ya raba da 77, saura 37. Mai mabuɗi ya ninka 37 da kanta sau 43, ya raba da 77, sai 9 ta dawo, kamar yadda ƙa'idar Euler ta tabbatar. Wanda bai san cewa 77 daga 7 da 11 ta fito ba, ba zai samu 60 ba, ballantana 43.

A Agusta 1977 Martin Gardner ya gabatar da tsarin a mujallar Scientific American, tare da wata lamba mai alƙaluma 129 da tukuicin dala 100 ga wanda ya warware ta. An ƙiyasta cewa aikin zai ci shekaru biliyan sau miliyan 40. A Afrilu 1994, shekara 17 kacal bayan nan, wasu masu sa-kai kimanin 600 da suka haɗa kwamfutocinsu ta intanet suka gama shi cikin wata takwas.  Ƙiyasin ya ginu ne a kan dabarun da aka sani a 1977, kuma dabaru sun canja.

Abin da zaton wuya yake nufi

A daidai wannan zamani ne ilimin auna wuyar lissafi yake tasowa. Stephen Cook a 1971, da Richard Karp a 1972, da Leonid Levin a Tarayyar Sobiyet, sun fito da tambayar da ake kira P da NP: shin duk matsalar da ake iya duba amsarta da sauri ana iya warware ta da sauri? Tambayar tana nan a buɗe, kuma tun 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay ta sa mata tukuicin dala miliyan ɗaya. Duk wanda ya kafa hujjar cewa warware lamba na da wuya ya amsa wannan tambaya ke nan. Shi ya sa dole aka tsaya a kan zato.

An yi tunanin cewa mafi aminci shi ne a gina sirri a kan matsalolin da aka san su ne mafiya wuya a cikin NP, wato rukunin matsalolin da ake iya duba amsarsu da sauri. A 1978 Merkle da Hellman suka fito da tsarin jaka: ga jerin lambobi, ga jimilla, a gano waɗanne aka haɗa. A 1982 Shamir ya fasa tsarin na asali, zuwa 1984 Ernest Brickell ya fasa wanda aka ƙara wa ƙarfi. Darasin ya zama ginshiƙi a fannin. Matsala tana iya zama mai wuya a mafi munin yanayinta, amma ta zama mai sauƙi a yawancin lokuta. Mai ɓoye saƙo yana bukatar wuya a kusan kowane mabuɗin da aka zaɓa, kuma ƙofar sirrin da ya dasa domin kansa tana iya barin sawun da abokin gaba zai bi.

Daga nan aka koma ga hujjar jingina, wato a nuna cewa duk wanda ya fasa tsari, ya warware wata sananniyar matsala. Michael Rabin ya yi haka a 1979 da tsarin da juya shi daidai yake da warware lamba. A 1982 Shafi Goldwasser da Silvio Micali suka ba da ma'ana tsayayya ta aminci: bai isa abokin gaba ya kasa karanta saƙo duka ba, dole ne ya kasa tsintar ko ɗan bayani game da shi. RSA tsurarta ba ta cika wannan sharaɗi ba, domin saƙo ɗaya kullum siffa ɗaya yake ɗauka, wanda ya san amsar "e" ce ko "a'a" zai kulle duka biyun ya kwatanta. Maganin shi ne a gauraya kowane saƙo da lambobin da aka zaɓa ba bisa tsari ba. A 1985 Taher Elgamal, ɗan asalin Masar da ya yi karatu a ƙarƙashin Hellman, ya buga tsari irin wannan a kan matsalar logaritim.

Wannan bincike ya nuna cewa zatukan hawa-hawa ne. Wanda ya iya logaritim ya fasa musayar Diffie da Hellman, amma musayar tana bukatar fiye da haka: kada a iya lissafo mabuɗin da aka haɗu a kai, kuma a wasu tsare-tsaren kada ma a iya bambanta shi da lambar da aka tsinta haka nan. Haka ma wanda ya warware lamba ya fasa RSA, amma ba a kafa hujjar cewa wannan ce kaɗai hanyar fasa ta ba. Gwargwadon ƙarfin abin da tsari yake nema a yarda da shi, gwargwadon faɗin inda za a iya kai masa hari.

Tseren warware lamba

Mafi ƙarfin hare-hare a kan RSA sun ginu a kan tunani ɗaya: a tara lambobi masu yawa waɗanda ke warwarewa zuwa ƙananan firam, sannan a haɗa su ta hanyar aljabra har su fallasa babbar lambar. Carl Pomerance ya fito da rariyarsa, wato dabarar tace irin waɗannan lambobi, a 1981, wadda da ita aka warware lambar Gardner. A 1988 John Pollard ya kawo tunanin da ya zama rariyar filin lambobi, wadda har yau ita ce kan gaba. Da ita aka warware lamba mai bit 512 (bit shi ne alƙalamin da kwamfuta ke ƙidaya da shi) a 1999, da mai bit 768 a Disamba 2009, da mai bit 829, wato alƙaluma 250, a Fabrairu 2020, aikin da ya ci kimanin shekara 2,700 na lokacin ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya. Irin wannan rariya tana aiki a kan logaritim ma. Saboda haka mabuɗai suka riƙa tsawo, daga bit 512 zuwa 1,024, zuwa 2,048 da ake amfani da shi yanzu.

Tantance firam kuwa ya zama mai sauƙi. A 2002 Manindra Agrawal da ɗalibansa Neeraj Kayal da Nitin Saxena, a Kanpur ta Indiya, suka kafa hujjar cewa ana iya yin sa da sauri ba tare da dogara ga wani zato ba. Cikin matsaloli biyun da Gauss ya ambata tare, ɗaya ta faɗi, ɗaya tana tsaye, kuma RSA tana bukatar hakan: samun firam ya zama da sauƙi, warware ninkinsu ya zama da wuya.

Zaton yana aiki ne kawai idan an zaɓi firam ɗin yadda ya kamata. A 2012 ƙungiyoyin masu bincike biyu suka tattara miliyoyin mabuɗan fili daga intanet, suka tarar dubbai daga ciki sun yi tarayya a firam ɗaya, saboda na'urorin da suka ƙirƙiro su ba su da ingantacciyar hanyar zaɓen lamba. Tsohuwar dabarar Euclid ta isa ta warware su. A 2017 masu bincike a jami'ar Masaryk ta Jamhuriyar Cek suka gano cewa wasu katuna suna zaɓen firam masu wata siffa ta musamman, abin da ya sa Istoniya ta dakatar da mabuɗan katin shaida fiye da 700,000.

Lanƙwasar eliptik

A 1985 Neal Koblitz da Victor Miller, kowa a nasa ɓangaren, suka ba da shawarar a ɗauke matsalar logaritim daga lambobi a kai ta kan ɗigogin wata lanƙwasa da ake kira eliptik. Ana iya "tara" ɗigo biyu na wannan lanƙwasa a samu na uku bisa wata ƙa'ida ta aljabra, kuma tara ɗigo da kansa sau da yawa yana da sauƙi, gano sau nawa aka tara shi ne mai wuya. Fa'idar ita ce ɗigogi ba su da abin da ya yi kama da ƙananan firam, don haka rariya ba ta da abin tankaɗewa. Abin da ya rage wa mahari shi ne dabarun gama-gari irin na Daniel Shanks da Pollard, waɗanda Victor Shoup ya nuna a 1997 cewa ba za a wuce su ba muddin ba a yi amfani da wata siffa ta musamman ta rukunin ba. Sakamakon haka mabuɗi mai bit 256 a kan lanƙwasa yana daidai da RSA mai bit 3,072. Wannan ya dace da wayoyin hannu da katuna. Bitcoin yana amfani da wata lanƙwasa tun 2009, Signal da WhatsApp kuma suna amfani da Curve25519 wadda Daniel Bernstein ya tsara.

Nan ma siffa ta musamman ta nuna fuska biyu. A farkon shekarun 1990 Alfred Menezes da Tatsuaki Okamoto da Scott Vanstone suka nuna cewa akwai wasu lanƙwasa da za a iya mayar da matsalarsu zuwa inda rariya ke aiki. Shekaru goma bayan nan, Antoine Joux a 2000, da Dan Boneh da Matthew Franklin a 2001, suka mayar da wannan makami kayan gini, har ya yiwu adireshin mutum ya zama mabuɗinsa na fili. Sai kuma a 2013 Joux da Razvan Barbulescu da Pierrick Gaudry da Emmanuel Thomé suka karya logaritim a wani rukunin filayen lambobi da wasu daga cikin waɗannan gine-gine suka dogara a kai, aka yi watsi da su.

Girgizar 1994

Warware lamba, da logaritim, da lanƙwasa, sun yi kama da matsaloli uku daban-daban. A 1994 Peter Shor na ɗakin binciken Bell ya nuna cewa jijiyarsu ɗaya ce. A cikin kowace akwai wani zagaye ɓoyayye, wato jerin da ke maimaita kansa bayan wani adadi, kuma wanda ya gano tsawon zagayen ya gano sirrin. Kwamfutar kwantam, wadda ke aiki da dokokin ƙananan ƙwayoyin halitta, ta ƙware a gano irin wannan zagaye. Idan aka gina babba mai inganci, duka ukun za su faɗi tare, kuma ƙara tsawon mabuɗi ba zai cece su ba.

A 2001 masu bincike na IBM da Stanford suka gwada dabarar Shor da kyubit 7, wato bit na kwamfutar kwantam, suka warware 15 zuwa 3 da 5. Har yanzu babu na'urar da ta kusanci RSA mai bit 2,048, amma ƙiyasin abin da ake bukata yana raguwa: a 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå sun ce kyubit miliyan 20 cikin awa takwas, a 2025 Gidney ya sauko da shi ƙasa da miliyan ɗaya cikin kimanin mako guda. Haɗarin bai jira na'urar ba, domin ana iya kwafe saƙonnin yau a ajiye har ranar da za a iya buɗe su.

Raga da kuskure

Dole aka nemi matsalolin da ba su da wancan zagaye. Ɗaya tana nan tun 1978, lokacin da Robert McEliece ya gina tsari a kan dabarun gyara kuskuren saƙon da ya lalace a hanya. Mai aikawa yana sa kurakurai da gangan, mai mabuɗin sirri kaɗai ke iya gyara su. Tsarin ya jure fiye da shekara 40, amma mabuɗinsa na fili yana kai ɗaruruwan dubban bait, shi ya sa bai yaɗu ba.

Ta biyu ita ce raga, wato ɗigogi da aka jera bisa tsari a sarari mai fuskoki ɗaruruwa, inda ake neman ɗigon da ya fi kusa da tsakiya ko da wani wuri. Raga ta fara shiga fannin ne a matsayin makami: dabarar da Arjen Lenstra da Hendrik Lenstra da László Lovász suka buga a 1982 ita ce ta ƙarasa tsarin jaka. A 1996 Miklós Ajtai na IBM ya kafa hujjar da aka daɗe ana nema, cewa akwai matsalar raga wadda warware ta a yanayi na yau da kullum daidai yake da warware wata matsala a mafi munin yanayinta. A wannan shekara kuma Jeffrey Hoffstein da Jill Pipher da Joseph Silverman suka gabatar da NTRU.

A 2005 Oded Regev ya kawo matsalar koyo cikin kuskure. A ce sirrin lambobi biyu ne, 4 da 2, ana kuma lissafi da saura bayan raba da 17. Uku sau ta farko a tara da biyar sau ta biyu 22 ne, saura 5, amma sai a shelanta 6. Bakwai sau ta farko a tara da biyu sau ta biyu 32 ne, saura 15, sai a shelanta 14. Da babu wannan ɗan kuskure, ɗalibin sakandare zai warware lissafin. Da kuskuren, kuma lambobin sirri sun kai ɗaruruwa, duk matakin warwarewa yana ninka kuskuren har ya binne amsar. A kan raga ne Craig Gentry ya gina, a 2009, tsarin farko da ke ba da damar yin kowane irin lissafi a kan bayanan da ke kulle. A 2010 Vadim Lyubashevsky da Chris Peikert da Regev suka ƙara wa matsalar siffar aljabra domin mabuɗai su ƙanƙance, wanda ya kawo sauri tare da sabuwar tambaya a kan ko ƙarin siffar ya buɗe wata kafa.

Gasar NIST da halin da ake ciki

A Disamba 2016 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta buɗe gasar neman tsare-tsaren da za su jure kwamfutar kwantam. An karɓi 69 a zagayen farko, aka saka su a gaban masu fasa sirri na duniya. Da yawa sun faɗi da wuri, amma faɗuwa biyu a 2022 sun fi jan hankali. Rainbow, wanda ya dogara a kan wuyar warware lissafin aljabra mai lambobin sirri da yawa, ya kai zagaye na uku kafin Ward Beullens ya fasa shi da kwamfutar tafi-da-gidanka cikin ƙarshen mako guda. SIKE, wanda ya dogara a kan gano hanyar da ta haɗa wata lanƙwasar eliptik da wata, ya samo asali ne daga aikin David Jao da Luca De Feo na 2011, ya kuma tsaya fiye da shekara goma. A Yuli 2022 Wouter Castryck da Thomas Decru na jami'ar Leuven a Beljiyam suka fasa shi cikin kimanin awa ɗaya da kwamfuta ta yau da kullum, ta amfani da wata ƙa'ida da Ernst Kani ya buga a 1997. Ƙarin ɗigogin da tsarin ke shelantawa domin ya yi aiki su ne suka ba da kafar.

A 13 ga Agusta 2024 NIST ta fitar da ma'aunai uku: ML-KEM na musayar mabuɗi da ML-DSA na sa hannu, dukansu a kan raga, da SLH-DSA wanda bai dogara ga aljabra ba sai ga ayyukan dagula bayanai. A Maris 2025 ta ƙara zaɓen HQC, daga dangin gyaran kuskure, domin a samu madogara idan raga ta gaza. Sauyin yana da tsada: mabuɗin fili na Curve25519 bait 32 ne, na ML-KEM matsakaici kuwa bait 1,184. Manyan manhajojin shiga intanet, da Signal, da iMessage na Apple sun riga sun fara haɗa tsohon tsari da sabo a lokaci guda, yadda sai an fasa duka biyun kafin sirri ya tonu. Wani daftari na NIST ya sa 2035 a matsayin shekarar daina amfani da RSA da lanƙwasar eliptik.

Ma'aunin da ake auna zato da shi ya fito ne daga wannan tarihi. Ana fifita matsalar da ke da sauƙin bayyanawa, wadda masana da yawa daga fannoni daban-daban suka daɗe suna kai wa hari a fili, wadda ke da hujjar jingina ga wata matsala da ta girme ta, kuma wadda ba ta ɗauke da siffar aljabra fiye da abin da ake bukata. Ana kuma gina na'urori da manhajoji yadda za a iya cire wani tsari a sa wani ba tare da rushe komai ba, domin an ga zaton da ya yi shekara goma yana tsaye ya faɗi cikin awa ɗaya.